Kofin bana na wa? Musayar baitoci kafin a buɗe Firimiya

Malam na Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Jibi Juma'a, 15 ga Agusta, 2025, za a buɗe Firimiyar Ingila ta 2025/26, Liverpool za ta karɓi Bournemouth a Anfield. Yau kuwa Laraba ce, kun san abin da Bahaushe ya ce game da Juma'ar da za ta yi kyau. Doka ɗaya ce: kowane baiti ya ƙare da "na".

Da sunan Rabbu nake farawa,
Mai damina, mai sa shuka tsirowa,
Ga Laraba, Juma'a na tahowa,
Ku faɗa mini mai kofin bana.

Kowa ya hau dokin kulob nasa,
Ya ja linzami kar ya sake masa,
Mai ashar za mu share baitinsa,
Mai hujja shi za a ba wurin zama ya zauna.

Jan Gwarzon Tudun Wada:
Malam, ai tambayar ba ta taso ba,
Kofi na gidanmu Liverpool, bai je ko'ina ba,
Ƙurar bikin ma ba ta kwanta ba,
Na 20 ke nan, mun kamo masu suna.

Maki 84 muka tara,
Na biyu sai hange daga tazara,
Tun a Afrilu aka tashi fira,
Saura wasa 4 muna ta murna.

Salah na Masar, hagunsa dafi,
Ƙwallo 29, ba wanda ya fi,
Ya ba da 18, wa ke ƙorafi?
Sai mai ciwon ido da hasken rana.

Bara da tsohuwar zuma Slot ya yi magani,
Bana ga Wirtz daga Jamus, gwani,
Ga Ekitike, ga Kerkez, kun gani,
Wa zai tare Galma a tsakiyar damina?

Gurbi ɗaya ne ba ya cikewa,
Jota ya rasu, babu dawowa,
Lamba 20 an daina sawa,
Duk ran da muka ci sai mun tuna.

Gimbiyar Gyallesu:
Baitinka na ƙarshe ba ni da ja a kansa. Sauran kuwa, gyara zama.

Jan Gwarzo, sauka daga dokin kara,
Lahadin nan Wembley muka zuba ido muka lura,
Palace a fenariti ta sa ku ƙara,
Ƙwallon Salah har yau tana kan Kufena.

Sau 2 kuka ci, sau 2 aka farke,
Ƙofar bayanku a buɗe take,
Trent ya yi Madrid, Díaz ma kun sake,
Sabon takalmi na cin ƙafa, ƙanena.

Bara mu Arsenal mun faɗi 4, kun faɗi 4,
A nan kam ni da kai mun haɗu,
Canjaras 14 ne ya sa muka ruɗu,
Ba mai zurawa, sai jiran bugun kwana.

Havertz na jinya, Jesus na jinya,
Saka wata 3 da ciwon cinya,
Merino na tsakiya ya sha ɗawainiya,
Aka ce masa je ka gaba ka gwada mana.

Bana Arteta ya cike gurbi,
Daga Sporting ya ɗauko maharbi,
Gyökeres, 39 a lig, ku je ku bi,
Rice da Zubimendi na soya masa waina.

Autan Samaru:
Ni ƙwar biyu na iya, a yi haƙuri da ɗalibi.

Anti, rabon Arsenal da kofin nan,
Shekarar aka yanka ragon sunana.

2004 ce, ga ni aji 3 a jami'a,
Har Inna ta fara zancen aurena.

Na biyu, na biyu, na biyu a jere,
Kun iya soyawa, wani ke cinye waina.

Mu Chelsea kam a Yuli muna Amurka,
PSG ta sha 3 da nema a hannun yarana.

Palmer ya zuba 2, João Pedro ya ƙara,
Kofin duniyar kulob-kulob na aljihuna.

Gimbiyar Gyallesu:
Auta, ragon sunanka ni na raba namansa, kar ka manta. Kuma a wannan shekarar da kake zolaya ba wanda ya ci mu a lig ko sau ɗaya, ga Kanu namu cikin tawagar. Je ka tambayi Chelsea ɗinka ko ta taɓa yin haka.

Injiniyan Kwangila:
Auta, kun yi wasa har 13 ga Yuli,
Wasu na hutu kuna gudu a fili,
Colwill na jinyar gwiwa, ga dalili,
Jakin da bai huta ba ba ya kai kaya Kaduna.

Kaka 4 a jere City na bisa,
Tarihin Ingila babu irinsa,
Bara Rodri ya kwanta da gwiwarsa,
Turke ya karye, garke ya shiga gona.

A hakan ma na 3 muka ƙare,
Ramar giwa ba ta sa ta zama kare,
Reijnders da Cherki sun zo a tare,
Haaland na bakin raga, in bai ci ba, ba ya kwana.

Guardiola in ya sha kaye sau ɗaya,
Ba ya barci sai ya gano hanya,
Masu dariyar bara ku ja da baya,
Bashin da kuka ci za ku biya shi bana.

Autan Samaru:
Yaya Injiniya, ku ma kun je Amurkan,
Al-Hilal ce ta sallame ku kafin ku zauna.

4 da 3, kuka hau jirgi da wuri,
Wannan hutun ne kake mini magana?

Jan Gwarzon Tudun Wada:
Injiniya, De Bruyne na Napoli,
Shekara 10 shi ke raba muku kati a fili,
Ga tuhuma 115 kan harkar kuɗi na jiran alƙali,
Mai shari'a a ka ba ya barcin rana.

Injiniyan Kwangila:
Tuhuma daban, hukunci daban. Tun Fabrairun 2023 ake jan maganar nan, cikinta muka ɗauki kofi 2. Ka bar wa alƙalai aikinsu.

Kawu na Sabon Gari:
Yara ku gyara mini kujera,
Tun kuna goye bin Man United na fara,
A 1999 muna rumfar kara,
Bayern na gaba, ba minti ko ɗaya saura,
Sai ga 2 a jere a daren Barcelona.

Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙare,
Benci ya karye muka zube a tare,
Mai shayi ya yi kyauta har tsakar dare,
Silifas ɗina ɗaya a nan ya tsere,
Da ƙafa guda a ƙasa na koma ɗakina.

Amma Mayun bana an gwada ni,
Bilbao, Tottenham, wasan da ya dame ni,
Aka ɗauke wuta, zufa ta rufe ni,
Janareto na tashi allo ya gaishe ni
Da ƙwallo kwance a bayan Onana.

Na zura babbar riga a kan jar riga,
Na bi ta lungu kar yara su hanga,
Na 15 a tebur, wa zai yi burga?
Kashi 18, raga kamar taga,
Tun tafiyar Ferguson a 2013 nake ƙuna.

Bana ban ce kofi ba, ba zan yi ƙarya ba,
Amorim bai gama gyaran gida ba,
Amma Cunha da Mbeumo ba su zo yawo ba,
35 suka ci bara su biyu, ba kyauta aka ba su ba,
Kuma ba mu da wasan Turai, ƙafa za ta kwana.

Jan Gwarzon Tudun Wada:
Kawu, Allah ya ja da ranka. Wanda ba a gayyata biki ba ne yake cewa ya zauna gida don ya huta. Amma labarin silifas ɗin ya biya, na sallama.

Kawu na Sabon Gari:
Ɗan nan, 20 ɗin da kake ta ɗaga kafaɗa a kai, shekara 12 muka yi muna jiran ku a wurin. Sannu da zuwa.

Baƙo daga Kantin Kwari:
Zage-zagi kun cika son na nesa,
Kuna kuka kan Landan, ba ku san hanyarsa,
Pillars sau 4 ta ɗau kofin ƙasa,
Ku zo Kano mu koya muku ƙwallo.

Malam na Ƙofar Doka:
Bakano, ka zo garin ilimi ka karya amsa-amo, ka kuma haɗiye "ba" a layi na biyu. Tararka baiti ɗaya mai kyau. Batun Pillars gaskiya ne, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ba mu musa ba. Sai dai kofin da ya wuce Remo Stars ce ta ɗauka, ka gaida mana mutanen Sabon Garinku.

Baƙo daga Kantin Kwari:
Na karɓi tara, Malam.

Kun lissafa manya kun manta da haki,
Leicester a 2016 ta ba kowa mamaki,
Palace ta hana City kofin FA, ta bar ta da takaici da miki,
Wanda kuka raina shi zai tsone muku ido bana.

Autan Samaru:
Layi na uku ya fi titin Kano zuwa Zariya tsawo, amma a bar shi ya wuce, baƙo ne.

Malam na Ƙofar Doka:
To, kowa ya baje hajarsa, kuma duk kayan Agusta ne: wa aka sayo, nawa aka biya. Ni abin da nake dubawa daban. Gasar Kofin Afirka a Maroko za ta fara 21 ga Disamba ta ƙare 18 ga Janairu, daidai lokacin da Ingila ke buga wasa bayan kwana uku-uku. Ba wanda ya taɓo wannan a cikinku.

Wasa 38 ba tseren doki ba ne,
Noman gandu ne, mai haƙuri gwani ne,
Agusta kowa sarkin baki ne,
Hunturu ke tantance mai bargo da mai zana.

In Disamba ta yi Salah zai tafi Maroko,
Marmoush na City ma zai bi sahun farko,
Aït-Nouri, Mbeumo, Amad, duk za a kira su a ɗauko,
Wa ke kan benci? Nan ne tambayar ta kwana.

Arsenal manyanta ba mai tafiya,
34 kawai aka zura mata bara gaba ɗaya,
Saliba da Gabriel sun zama ganuwar Zariya,
Irin wadda ake jingina wa Amina.

Da ganuwa ake cin kofi da na ce an gama,
Amma na tuna Afrilun 2023 na yi tsuma,
Maki 8 a gaba, ana ta kiɗa da gangar girma,
Sai canjaras 3 a jere suka ɓata lissafina.

2 da nema a Anfield aka farke,
2 da nema a West Ham aka sake,
Southampton ta ƙarshen tebur ta zo ta maƙale,
City ta zuba 4, aka naɗe tabarmar murna.

Don haka ga nawa, ku rubuta ku ajiye,
Arsenal da Liverpool ne a gaba, ba a ɓoye,
City na bayansu da wuƙa a zare, a shirye,
Na ba Gimbiya rinjaye da faɗin yatsana.

Layin "maƙale" ya ɗan zame daga "ke", na gani da kaina, kar Bakano ya ce na yi son kai. Ni ma zan biya tara.

Gimbiyar Gyallesu:
Malam, faɗin yatsa kawai? Bayan duk wannan yabon ganuwa?

Na karɓa dai, ba a raina kyauta,
Wanda maciji ya sara igiya ke firgita ta,
Afrilun nan har yau ina jin zafinta,
Ran Southampton ban iya cin tuwo ba na kwana.

Amma yaran 2023 sun girma,
Sun ci Madrid gida da waje, ba su yi rawar jiki ba ma,
Rice ya lanƙwasa 2 daga nesa ta sama,
Wanda ya yi wannan ba ya tsoron Afrilun bana.

Injiniyan Kwangila:
Anti, bayan Madrid sai PSG ta zo, ki ƙarasa labarin. Malam kuma na gode da wuƙar, za a ga aikinta.

Jan Gwarzon Tudun Wada:
Malam, ka yi alƙalanci na ji,
Amma mai kofi a hannu ba ya jin haushi ko ɗaci a baki ya ji,
Wata guda ba Salah ba zai sa mu gaji,
Wirtz da Gakpo za su riƙe mana.

Kawu na Sabon Gari:
Duk wannan lissafin Mayu ne. Ni Lahadi na sani.

Gimbiya, Lahadi 17 ga wata,
Old Trafford za ki kawo ƙafarki da kanta,
Sabon maharbinki zai sha tambayar da bai karanta,
Ƙarfe 4:30, bayan La'asar, ki kunna akwatinki mu gana.

In kun ci, balangun majalisa a wuyana. In mun ci, 'yata, ki aiko da wainar nan da ake ta soyawa tun ɗazu, da miyar taushe.

Malam na Ƙofar Doka:
A'a Kawu, wannan ya fara kama da caca, ba a majalisata ba. Kai ka kawo balangu ko an ci ko ba a ci ba, Gimbiya ta aiko da waina ko an ci ko ba a ci ba. Bakano da ni masu tara mu haɗa kuɗin man janareto.

Gimbiyar Gyallesu:
Na yarda. Auta zai zo ya ɗauka da ƙarfe 3, ya zo da kwanon da zai rufu saboda ruwan sama.

Autan Samaru:
Chelsea da Palace ƙarfe 2 ne ranar, Anti. A ba Injiniya kwanon, su Asabar za su buga.