Yaya ake samun sautin kamanja (gogen Turawa) mai kwarara irin na fayafayan Mantovani, shugaban makaɗa na ƙasar Ingila?

Ɗan Sabil, Jidda:
Assalamu alaikum malamai. Muna da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a nan Jidda, da masu kamanja huɗu 'yan Sudan, da mai chelo (babbar kamanja mai kaurin sauti) ɗaya. Muna son mu yi wa wata tsohuwar waƙa sabon kiɗa mai sanyi irin na shekarun 1950, inda kamanjoji ke gangarowa kamar ruwa daga tudu. Mun zuba amsa-kuwwar kwamfuta, sai sautin ya dagule. Ina matsalar take?

Ustaz na Kasala:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba na'ura ce ke ba da wannan amo ba, a rubutun kiɗan yake. Ronald Binge, mai rubuta masa kiɗa, shi ne ya tsara wa Mantovani dabarar, ta fito a faifan Charmaine na kamfanin Decca a 1951, kuma makaɗan sun kai wajen 40, galibinsu masu tsirkiya.

Raba kamanjojin gida uku ko huɗu. A ce waƙar na saukowa kan sautukan do, la, sol, mi. Gida na farko ya ja do ya riƙe. Yana riƙe da ita na biyu ya shigo da la, shi ma ya riƙe, na uku ya kawo sol, na huɗu mi. Kowane gida ya shigo da ɗan ƙarfi, sannan ya sassauta hannu a hankali har sautin ya ɓace cikin bugu biyu ko uku. Wannan sassautawar ita ce komai. In sun riƙe da ƙarfi ɗaya, cunkoso za ka ji.

Kuma kun yi dace da makaɗanku. Kiɗan Sudan a kan ma'auni mai sauti biyar yake tafiya, ba rabin taki (sauti biyu masu kusanci sosai) a ciki, don haka ko sauti huɗu sun hau juna ba sa karo. Amma in waƙar tana kan maƙamin bayati ko rast, ma'aunan kiɗan Larabawa masu rubu'in taki, to rage riƙon zuwa bugu ɗaya, in ba haka ba kunne zai ɗauka saiti ne ya kwance.

Mai Makirfo:
Allah ya ƙara wa Ustaz lafiya. Saura batun ɗauka. Kamanja ɗaya a kowane gida ta yi siriri, dole ku ninka. Ku ɗauki kowane gida sau uku, ba sau biyu ba, domin kamanja biyu a layi ɗaya su ne suka fi tona bambancin saiti, ta uku ce ke rufe shi. Kowace ɗauka a sauya kujera, a yi musayar kamanja tsakanin makaɗan. In mutum ɗaya ya maimaita da kayansa a wuri ɗaya, sautin kan riƙa shaƙewa yana buɗewa.

Makirfo ya yi sama da kawunansu, nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya matso, ƙarar gugar baka a kan tsirkiya zai kwaso. A kashe mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) lokacin ɗauka, sannan a sake saiti bayan kowane zagaye, don zafi da raɓar Jidda kan motsa tsirkiya da wuri. Amsa-kuwwa kaɗan, kamar daƙiƙa biyu, a ƙarshen aiki.

Hajiyar Piyano:
Ƙanena, kula da inda jituwar sauti (sautukan da ke tafiya tare a ƙarƙashin waƙar) ke canzawa. Duk sautin da aka riƙe wanda ba ya cikin sabuwar jituwa a yanke shi kafin bugun farko. Chelo kuma ya yi ƙasa sosai, ya bar fili tsakaninsa da kamanjoji. Gudu kar ya wuce bugu 70 zuwa 80 a minti.

Ni dai da mutum biyar da na fi karkata ga hanyar da Ba'amurke Jackie Gleason ya bi a faifansa na 1952: tsirkiyoyi su shimfiɗa dogon sauti a baya, kayan busa ɗaya ya ɗauki waƙar, yadda mai busa ƙaho Bobby Hackett ya yi masa. A wurinku ud (garayar Larabawa) ko akodiyon zai riƙe wannan gurbi, kuma ninki biyu na dukan huɗun tare ya wadatar.

Ɗan Sabil, Jidda:
Na gode ƙwarai. Waƙar mai sauti biyar ce. Ustaz, in tana hawa sama maimakon saukowa, haka za a raba gidajen?