Neman shawara: in ɗauki diyod ɗin sufakondakta a aikin kammala digiri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji huɗu a sashen fiziks, ina kuma haɗa sola a gefe don samun na kashewa. Diyod dai 'yar na'ura ce mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Na ji wai diyod ɗin sufakondakta, wato abin da wuta ke bi ta cikinsa ba tirjiya, ya fara aiki a zafi mai yawa, wuta na wucewa ba asara. Na silikon da muke sawa yana cinye kusan bolt 0.7 ya mayar zafi. In rubuta aikina a kai, har in gwada shi a inbata?

Malamin fiziks: Wa alaikumus salam. Ɗana, kalmar "zafi" ce ta ruɗe ka. Wanda aka fara nunawa a Jami'ar Kyoto ta Japan a 2020, sai da aka kai shi kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sanyin ruwan heliyom, aka haɗa da maganaɗisu daga waje. A 2022 masu bincike a Delft ta Holan suka yi wanda ba ya neman maganaɗisun. Na 2024 daga cibiyar bincike ta TIFR a Mumbai ta Indiya, siraran ɓawo biyu ne na wani sinadarin sufakondakta mai suna BSCCO, aka ɗora ɗaya kan ɗaya a karkace, ya yi aiki har kelbin 77. Wato digiri 196 ƙasa da sifili! Murnar da ake yi ita ce ruwan nitrojin ya isa ya sanyaya shi, kuma ya fi heliyom araha nesa ba kusa ba.

Aikinsa ma daban ne. Yawan wutar da zai ɗauka kafin ya fara tirjiya ya fi a gefe ɗaya. Ka ba shi wuta tsakanin iyakokin biyu, gaba ta wuce salin-alin, baya ta gamu da tirjiya. An fi sa masa rai a kwamfutocin kwantum, waɗanda dama a cikin sanyi suke zaune.

Mai gyaran inbata: Malam ya gama magana. Abin da za ka kashe wajen sanyaya shi ya ninka wutar da kake son tsimi. In asarar ce ta dame ka, sa diyod ɗin Schottky, wanda bai kai naka cin bolt ba, ko ka yi amfani da MOSFET, wato wani makunnin lantarki.

Ɗalibar digiri na biyu: Ƙanena kada ka yar da batun. Ka kwaikwayi mahaɗar Josephson, wato sufakondakta biyu da siririn shinge a tsakaninsu kamar na Delft ɗin, a kwamfuta da yaren shirye-shirye na Python, laftof kawai kake bukata. Amma fara zama da malamin da ke duba aikinka kafin ka rubuta ko layi ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya, wane lissafi zan fara karantawa?

Ɗalibar digiri na biyu: Nemi tsarin RCSJ, lissafin da ke kwatanta yadda wuta ke bi ta mahaɗar Josephson, daga nan ake farawa.