Zaman Koriya ta Kudu: abin da 'yan'uwa suka faɗa kan hulɗa da mutanen ƙasar

Jama'a, na tattaro abin da aka faɗa kan wanda zai daɗe a Koriya ta Kudu, ko karatu ya kai shi ko aiki.

Inda aka yi ittifaƙi:

1. Koyi Hangul, wato rubutun harshen Koriya, tun kafin ka tashi. Haruffa 24 ne kacal, kuma gaisuwa da harshensu tana buɗe fuskar mutane.
2. Sauke KakaoTalk, manhajar aika saƙo ta waya. A nan ake gayyata, a nan ake zumunci.
3. Kada ka ji haushi idan an tambayi shekarunka tun haɗuwar farko. Da shi suke sanin irin girmamawar da za su yi maka a magana.
4. Miƙa wa babba abu da hannu biyu, ka cire takalmi a ƙofar gida.

Inda aka rabu shi ne cin abincin dare da abokan aiki, wanda suke kira hoesik. Sau da yawa akwai giyar soju da naman alade a teburin. Wasu suka ce a ƙaurace gaba ɗaya. Mafi yawa suka ce ka je, ka bayyana addininka tun farko, ka nemi kifi ko kayan lambu, domin a wurin ake ƙulla sabo. Ni ma nan na karkata, matuƙar ba za a matsa maka ba.

Kan kaɗaici kuwa, an ambaci Babban Masallacin Seoul da ke Itaewon, musamman ranar Juma'a. Amma wasu sun ja kunne: kada ka tsaya cikin baƙi kaɗai. Lokacin Chuseok (bikin girbi) da Seollal (bikin sabuwar shekarar gargajiya) mutane suna tafiya wajen danginsu, sai ka shirya inda za ka yi hutun tun da wuri.