Rimot ɗaya na haɗa wa na'urori uku, amma yana kashe talabijin maimakon ya kunna ta

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harkar kayan kallo da sauti a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Na sayi rimot irin wanda ake koya wa umarnin wasu rimot, domin in riƙa sarrafa talabijin da dikoda da amfilifaya da hannu ɗaya. Na ajiye tsohon rimot ɗin kowace na'ura baki da baki da sabon, ya kwafi siginar infared ɗinsu (hasken da ido ba ya gani wanda rimot ke aika umarni da shi), sannan na tsara maɓalli guda wanda zai kunna su a jere ya kuma mai da amfilifaya kan HDMI 2, wato kafa ta biyu ta shigar hoto da sauti.

Matsalar ita ce, talabijin ɗin maɓalli ɗaya take amfani da shi wajen kunnawa da kashewa, saboda haka idan yara sun riga sun kunna ta, ko kuma ta tashi da kanta bayan an dawo da wuta, danna maɓallin nawa sai ya kashe ta, sauran biyun kuma su kama aiki. Na ƙara jinkirin daƙiƙa 3 tsakanin umarnin, amma hakan bai gyara batun talabijin ɗin ba. Na kuma kashe HDMI-CEC (tsarin da ke ba na'urorin da aka haɗa da wayar HDMI damar sarrafa juna), domin na yi zargin yana yi wa rimot ɗin katsalandan, amma ba ta sauya zani ba.

Shin akwai hanyar samun lambar siginar kunnawa daban da ta kashewa, alhali tsohon rimot ɗin talabijin ɗin ba shi da su? In kuwa akwai, yaya ake shigar da ita cikin sabon rimot ɗin?