Kuɗin kiyaye ƙasa da ake biyan manoma a Amurka: wa ya taɓa karɓa?

Sabon manomi, Ohio: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kama hayar ɗan fili ina noman kayan lambu. Maƙwabcina ya ce gwamnati na biyan manoma don su kare ƙasa da ruwa. Don Allah wanda ya taɓa nema a gundumarsa ya ba mu labari.

Mai tumatir, Minnesota: Wa'alaikumus salam. Ni shirin EQIP na shiga, mai tallafa wa manoma da kuɗin ayyukan kare ƙasa da ruwa, na NRCS, hukumar kiyaye albarkatun ƙasa, aka tallafa min da rumfar leda ta shuka. Ka fara zuwa ofishin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka, na gundumarku, sashen FSA mai rajistar gonaki ya ba gonarka lamba. Amma ka ji da kyau: kada ka kafa ko turke ɗaya kafin a sa hannu a kwantiragi, in ka yi gaban kanka ba za a biya ba. Kai za ka yi aikin da kuɗinka, sannan a zo dubawa. Jami'in da ya zo wurina da abin awo ya zo, ya auna tsawo da faɗi, har girgiza turakun ya yi. Sai da ya gamsu kuɗi suka shigo.

Mai kiwon awaki, Maryland: Ƙari a kan bayanin Malam, wanda bai cika shekara 10 da fara noma ba yana iya neman rabin kuɗin tun gaba, amma a kashe su cikin kwana 90. Da su na sayi wayar shinge. Kuma ƙanina, ka ware na haraji, don a lissafin kuɗin shiga ake sa su.

Ɗan haya, Iowa: Ni ta wani ɓangaren abin ya same ni. Akwai wani shirin gwamnati, CRP, tun 1985 ake yinsa: mai gona ya daina nomanta shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa, ana biyansa duk watan Oktoba. Da wa'adin hayata ya cika, mai filin bai sabunta ba, a CRP ya sa shi. Gaskiya gangare ne, duk ruwan sama sai ka ga laka na malala cikin rafi. Yanzu ciyawa har ƙugu, zaizaya ta tsaya, tsuntsaye sun dawo. Na ga amfanin da idona. To amma kuɗin na mai ƙasa ne, ni kuwa neman wani filin na shiga yi, ga haya ta yi tsada. Har yau abin na damuna.

Sabon manomi, Ohio: Allah ya musanya da mafi alheri, Yaya. Ke nan ɗan haya ba ya cikin lissafi?

Mai kiwon awaki, Maryland: A EQIP yana ciki, ni ma haya nake. Sai dai za su nemi shaidar cewa filin na hannunka har kwantiragin ya ƙare. Je ka sami mai filin ya rubuta maka, tun kafin ka cike fom.