Neman shawara: wace manhaja zan cike harajina da ita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka da iyalina. Aikin sito nake yi, suna ba ni W-2 (takardar da ke nuna albashina da harajin da aka cire), a ƙarshen mako kuma ina ɗaukar fasinja da motata. Da can wani ofishi nake kai takarduna, amma kuɗin da suke caja ya fara yi mini nauyi. Harajin 2024 ina so in cike da kaina kafin 15 ga Afrilu. Wace manhaja ce ta dace da irina? Sannan duk wata ina tura wa mahaifiyata kuɗi Kano, zan iya sa ta a takardar haraji cikin waɗanda nake ɗaukar nauyinsu?

Wani ɗan'uwa daga Houston: Wa alaikumus salam. Malam, tuƙin nan shi zai zaɓa maka manhaja, ba talla ba. A wurin IRS, hukumar harajin Amurka, kai mai sana'ar kanka ne, dole ka cike Schedule C, fom ɗin riba da asarar sana'a, kuma in ribar ta kai dala 400 akwai ƙarin haraji na kashi 15.3 cikin ɗari. Tsarin kyauta na TurboTax da H&R Block na masu lissafi mai sauƙi ne, da ka shigar da kuɗin tuƙi sai a ce ka koma na biya. FreeTaxUSA tana yin na tarayya kyauta har da Schedule C, na jiha ne kawai za ka biya. In kuɗin shigarku na 2024 bai wuce dala 84,000 ba, ka shiga Free File, shirin cike haraji kyauta, ta shafin IRS ɗin kansa.

Abin da zai rage maka sosai shi ne mil ɗin da ka yi kan aiki, ana cire santi 67 daga ribarka kan kowane mil a 2024. Amma sai da rubutaccen lissafi, kwanan wata da nisan tafiya. Ni ƙaramin littafi nake ajiyewa a aljihun ƙofar mota, da biro ɗaure a jikinsa.

Wata Hajiya daga Bronx: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kake kula da gyatuma, amma kar ka sa ta. Sharaɗin shi ne mutum ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Kuɗin da kake turawa gida ma ba a cire shi daga haraji. Manhaja ba ta san Kano ba, abin da ka danna shi za ta lissafa, kai kuma za a aiko wa wasiƙa.

Wani mai aikin akanta: Ƙari kan maganar Hajiya: kana da asusun banki a gida? Idan jimillar abin da ke asusunka na waje ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a shekarar, sai ka cike FBAR, rahoton asusun banki na ƙasar waje. Daban ake tura shi, ta shafin FinCEN, hukumar da ke sa ido kan laifukan kuɗi. Mutanenmu masu tara kuɗin gini a gida suna yawan tsallake wannan tambayar, kuma tararsa ba wasa ba ce.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai kuɗin fili da nake tarawa a can, zan nemi bayanan asusun na shekarar gaba ɗaya. In lokaci ya ƙure mini fa?

Mai aikin akanta: Ka tura Form 4868, fom ɗin neman ƙarin lokaci, za a ɗaga maka zuwa 15 ga Oktoba. Cikewar kawai ake ɗagawa, yallaɓai. Abin da ake bin ka, ka kimanta ka biya a Afrilu.