Wanda Ya Taɓa Shiga Gaban Kwamitin Tantance 'Yan Takarar Kansila, Ya Ba Ni Labari

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a. Ni manomi ne a ƙasar Auyo, shinkafa da rani, gero da riɗi da damina. Tun bayan sallar layya samarin garinmu suka sa ni a gaba, wai sai na fito kansila a zagaye mai zuwa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abin da ya ƙara wa maganar wuta shi ne hukuncin nan da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024, cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, kuma a daina ɗora kantomomi. Tun daga nan kowa ke ganin kujerar kansila ta yi daraja. Ko kuɗin sun iso ko suna hanya, wannan kuma wani zance ne.

Ni ba yawon neman jama'a nake tsoro ba, don babu zauren da ban taɓa cin tuwo a cikinsa ba a mazaɓarmu. Ɗakin nan nake tsoro, wanda ake kiran mutum shi kaɗai a zaunar da shi gaban kwamiti. Me ake tambaya? Wace takarda ce take kayar da mutum? Don Allah wanda ya shiga da ƙafarsa nake so ya yi magana, ban da "an ce".

Tsohon Kansila:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na shiga sau biyu, na faɗi sau ɗaya, na wuce sau ɗaya. A ƙasar Gumel nake.

Fara da jakar takardunka tun yau. Kwalin sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, katin jam'iyya, katin zaɓe, shaidar biyan haraji. Ka baje su a tabarma, ka sa wani mai ido ya karanta maka sunan da ke kan kowacce da ƙarfi. Abin da ya kayar da ni a karon farko ke nan. Mu a zamaninmu, in an kai ka firamare, hedimasta sai ya haɗa sunanka da sunan garinku ya rubuta, haka za ka tafi da shi har ka gama sakandare. To katin zaɓena kuma sunan mahaifina ne a kai. Akwai wani yaro lauya a cikin kwamitin, ya ɗaga takardun biyu ya ce, "Alhaji, wanne ne daga cikin mutanen nan biyu yake neman kansila?" Aka yi dariya, har da ni. Ya ce in kawo takardar rantsuwa kafin su tashi. Na hau babur na nufi kotu, na tarar mai hatimi ya tafi ta'aziyya. Da na dawo bayan la'asar, har an kwashe kujeru.

A karo na biyu na je da komai cif. Mu bakwai ne daga mazaɓarmu, muna zaune a benci ɗaya tun hantsi, kowa ya sha babbar riga, ana ta gaisawa kamar ba abin da ke tsakani. Da aka kira ni, takardun ko minti biyu ba su ɗauka ba. Sai shugaban kwamitin ya ce akwati nawa ne a mazaɓata, in lissafo su da sunayensu. Na lissafo. Ya ce wa ye ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa, yaushe rabona da gidansa. Sannan ya yi tambayar da ita ce tambaya: "A zaɓen da ya wuce, ka kawo akwatinka?" Wato akwatin ƙofar gidanka, jam'iyya ta ci ko ta faɗi. In ta faɗi, duk surutun da za ka yi kan rijiyar burtsatse da gyaran asibitin sha-ka-tafi, iska ce kawai. Ba wanda ya tambaye ni me zan yi wa jama'a, ko sau ɗaya.

Kuma kada in yi maka ƙarya, ba amsata ce ta ba ni ba. A shekarar layin garinmu ne a tsarin karɓa-karɓa, cikin mu bakwai kuma mu biyu ne 'yan garin.

Malamin Firamare:

Honarabul ya faɗi na takardu, ni bari in faɗi na aiki. Ɗan Fadama, ka gode wa Allah kai manomi ne. Ni shekara 14 ina koyarwa. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya, to wani uban gida ya dafa kafaɗata ya ce in rubuta takardar ajiye aiki kawai, kujerar tawa ce. Na rubuta. Na sayar da bijimai biyu a kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis, na buga fasta, na ciyar da dalaget. Na shiga gaban kwamiti na fito sumul, har wani a cikinsu ya ce bai ga mai takardu masu kyau irin nawa ba.

Saura kwana uku zaɓen fid da gwani aka kira mu wani gida da daddare. Aka ce dattawa sun zauna, an yi maslaha. Aka kira sunan wani, aka ce mu tashi mu ɗaga hannunsa a ɗauki hoto. Na ɗaga. Me zan yi? Uban gidan nawa yana zaune yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Ba tsuntsu ba tarko. Yanzu a wata makarantar kuɗi nake koyarwa, albashin bai kai rabin na da ba.

Mai Shayin Tasha:

Ni ban taɓa tsayawa ba, amma teburina yana kusa da inda 'yan siyasar garinmu ke taruwa, nan ƙasar Wudil. Mu a Kano akwai gwajin ƙwaya da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ke yi wa 'yan takara, an yi kafin zaɓen 26 ga Oktoba 2024. Wallahi satin nan na sha kallo. Wani ɗan takara da mura ta kama shi ya ƙi shan ko maganin tari, sai citta da lemon tsami yake sa ni in zuba masa. Wani kuwa sai ga shi ya koma shan ruwa jarka-jarka da jiƙon tsamiya, ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Ga kuma kuɗin fom. Da farko miliyan 10 aka sanar wa mai neman ciyaman, miliyan 5 wa kansila, har magana ta kai kotu. Masu sha'awa da yawa a nan teburin suka janye, tun kafin wani kwamiti ya ga fuskarsu.

Hajiyar Adashi:

Ku maza kuna kukan suna biyu a takarda. Ni gari biyu aka ce ina da shi, kuma aka ce ba ni da ko ɗaya.

An haife ni a wata mazaɓa ta ƙasar Birnin Kudu, aka aurar da ni a mazaɓar da ke maƙwabtaka da ita ina 'yar shekara 16. Shekara 23 ke nan ina gidan. A nan na haifi 'ya'yana, a nan nake zaɓe, ni ce uwar adashin mata sama da 60, kuma ranar zaɓe ni nake bi gida-gida in fito da su. Duk wanda ya san ƙauye ya san layin mata ne yake cika akwati, maza suna gindin bishiya suna musu.

Da na shiga ɗakin, ni kaɗai ce mace, a cikin 'yan takara da 'yan kwamitin duka. Tambayar farko: "Hajiya, maigida ya amince?" Na ce yana waje a kan babur, shi ya kawo ni, in kuna so a kira shi. Ta biyu: "Ke 'yar ina ce?" Na faɗa. Sai wani ya ce to ai a mazaɓar mahaifina ya kamata in nema. Na ce ranka ya daɗe, can kuma cewa za su yi na yi aure na bar gari. Akwai wani dattijo a ƙarshen tebur, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ƙaramar hukumar dai ɗaya ce, katin zaɓenta na nan mazaɓar ne, babu hujjar hana ta. Aka rubuta na wuce.

Wucewar ba ta kai ni ko'ina ba. Bayan kwana biyu aka turo min matar wani babba da turmin atamfa da turare, wai in yi haƙuri in janye, za a ba ni kansilar gafaka ta harkar mata, wato ta naɗi ba ta zaɓe ba, idan an kafa gwamnati. Na karɓi atamfar don kada a ce na raina aike. Gafakar dai har yau ban gan ta ba, wani namiji aka ba. Amma na ɗinka atamfar, da ita na je bikin rantsar da su, na zauna a layin gaba don kowa ya gan ni.

Baba Tsohon Akawu:

Jikana ne yake rubuta min, ni idona ya yi rauni. Na ji duk abin da kuka ce, ni kuma na zauna a ɗaya gefen teburin, sau biyu ana sa ni a kwamitin tantancewa na jam'iyya.

Na fara aiki tun zamanin En'e, kafin gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi irin waɗanda kuka sani. Ina ofis lokacin da gwamnatin Buhari ta soja ta kafa kwamitin duba tsarin ƙananan hukumomi a 1984, a ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Dasuki, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Na ga zaɓen 1987 da aka yi babu jam'iyya, kowa da fuskarsa ya tsaya. Na ga na 1990, zamanin jam'iyyun SDP da NRC, da aka yi ƙato-bayan-ƙato, wato kowa ya bi layin wanda yake so a fili a ƙirga. Lokacin ko Jigawa ba a yi ba, sai a 1991 aka cire mu daga Kano.

Malam, na ji ciwon abin da aka yi maka, wanda ya sa ka ajiye aiki bai kyauta ba. Amma ku da kuke zagin maslaha, ba ku ga ƙato-bayan-ƙato a ƙauye ba. A birni ka bi layi ka koma gida, ba wanda ya san ka. A ƙauye surukinka yana kallon bayan wanda ka tsaya. Na san gidaje biyu da suka shekara ba sa zuwa sunan juna saboda layi ɗaya. Jigawa mazaɓa 287 gare ta a ƙananan hukumomi 27, Kano 484 a 44. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, masu nema kuwa sai ka ga biyar, sai ka ga goma, kuma duk dangin juna ne. Dole wani ya zauna ya raba.

Aikin yana da amfani in an bar shi. Akwai wanda ya kawo mana kwalin sakandare mai ɗauke da shekarar da ko tubalin makarantar ba a aza ba. Ni na san haka, don ina wurin ranar da aka yanka filin. Na tambaye shi sunan firinsifal ɗinsu, sai ya ce zai fita ya kama ruwa. Bai dawo ba.

Amma tsakani da Allah, a zama na biyu mun yini muna tantancewa, mun ba kowa maki, muna cikin haɗa rahoto sai wayar shugabanmu ta yi ƙara. Ya fita, ya dawo da sunaye a bayan ambulan. A mazaɓa goma, shida sun dace da namu, huɗu ba su dace ba. Na sa hannu. Ba zan ce ban sa ba. Daga nan ne na ce a daina sa ni.

Malamin Firamare:

Allah ya ƙara girma Baba, na gode da ka faɗi gaskiya. Ni ba rabawar ce ta dame ni ba. Da tun farko an tara mu an ce bana layin gari kaza ne, da ban rubuta takarda ba, da bijimaina suna nan. Amma sai a bar mutum ya sayi fom, ya kashe abin hannunsa, sannan a tuna da maslaha saura kwana uku. Wanda aka ɗora mana ma abokina ne, tare muka yi makaranta, ba ni da riƙo da shi.

Tsohon Kansila:

Wannan haka yake Malam. Ƙanina, ƙarin abu ɗaya. Kafin ka sayar da buhun shinkafa ko ɗaya, je ka gaida ciyaman ɗin mazaɓa da dattawan garuruwan nan, ka tambaya a fili: wane gari ne ya yi a baya, wane ne ke bi? In ba layinku ba ne, ka taya wani, a san da kai. Kuma in Allah ya ba ka, ka sani ƙofar gidanka ta zama ta jama'a. Ni tun daga sallar asuba ake min sallama, wannan matarsa na naƙuda, wannan an kama masa babur, wannan kuɗin jarrabawar yaro. Na sauka da bashin da ban hau da shi ba.

Ɗan Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya, labarinki na karanta wa uwargida, ta ce a gaishe ki da atamfa.

Jiya da daddare na baje takardun a tabarma kamar yadda Honarabul ya ce. Suna dai ɗaya ne, alhamdu lillahi. Sai dai kwalin sakandarena ya ce an haife ni a 1989, katin zaɓe kuma ya ce 1991. Na tambayi Inna, ta ce ita dai ta san da kaka ne, ana yankan gero. Ranar Litinin zan shiga Hadeja in ga yadda za a gyara. Maganar layi kuwa na tambayi kawuna, ya ce garinmu ne ya yi a zagayen da ya wuce na baya, amma mutanen ƙetaren kogi suna cewa wancan ba ya cikin lissafi tunda wa'adin bai cika ba. Honarabul, a wajenku in aka sauke kansila wa'adinsa bai ƙare ba, ana ƙirga wa garinsu ya yi, ko kuwa?